Dabinon da Lado Ya Shuka wa Inna

Duk wanda ya saba shiga Babbar Kasuwa ta wajen masu kayan marmari ya san teburin Lado mai dabino, ya kuma san akwai lokacin da zai zo ya tarar an kife teburin, ƙafafu a sama. Baƙo ne kawai ke tambayar ko lafiya. Maƙwabtansa ko ɗaga kai ba sa yi, sai dai su ce, "Ai ƙafar ce ta motsa," su ci gaba da cinikinsu.

Lado gajere ne, ƙaƙƙarfa, ya ba sittin baya, hularsa kullum a karkace. Gidansa na Ƙofar Sauri, shi da matarsa Baraka, 'ya'ya duk sun kama gabansu. Ba mai hali ba ne, ba ya kuma roƙon kowa. Abu ɗaya ya raba shi da sauran masu teburi, shi ne yawo. Shekara ba ta juyowa sai ya ɗaure jaka ya nufi inda bai taɓa zuwa ba, ba fatauci, ba ziyarar dangi, wai shi gani kawai zai je yi. Ya je Yawuri don ya ga kogi, ya nace sai an koya masa tuƙin kwalekwale, ya kife da shi, masunta suka tsamo shi yana tari yana dariya. Ya hau tsaunin Mambila, ya dawo yana tare mutane a kasuwa yana gaya musu wai ashe ganyen shayi a jikin ɗan itace yake, da hannu ake tsinkarsa. Wanda ya zo sayen dabinon suna sai ya tafi da labarin Mambila, ko yana so ko ba ya so.

Masu cewa shiririta ce suna da yawa, kuma galibinsu ko Jibiya ba su taɓa tsallakewa ba, amma bakinsu ya fi na kowa tsawo. Su je su tambayi Baraka abin da ke cikin jakar nan mana! Kafin kowace tafiya ita ke bi gida-gida tana karɓar rigunan da suka yi wa yara kaɗan, ta wanke, ta ɗinke inda ya yage, ta haɗa da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Lado ya tafi da jaka tana neman kayar da shi, ya dawo da ita a naɗe a hammata. Duk inda ya sauka aka ba shi ruwa sai ya bar wani abu, ya kuma ɗauko wani abu a kansa. Shi a wurinsa makarantar da bai samu ya yi da ƙuruciya ba ke nan.

Hannun kyautar kuwa a nono ya sha. Mahaifiyarsa, wadda duk unguwa ke kira Inna, ta yi shekara da shekaru tana ajiye randa a ƙofar gida, da moɗa a kai, don mai wucewa. Ko ranar da ba a ɗora tukunya a gidan ba, randar nan ba ta rasa ruwa. Da ta rasu aka yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kowa ya watse, sai Lado ya ji abin bai ishe shi ba. Waina da gumba ai na wuni ɗaya ne. Shi so yake ya yi mata abin da zai daɗe har bayan shi ma ya bi ta, abin da wata rana wani mai jin yunwa, wanda bai ma san ta ba, zai ci ya ce Allah ya jiƙan mai shi. Wannan kalmar kaɗai yake nema mata.

To me mai dabino zai shuka in ba dabino ba? Ya zaɓi ƙwallayen mafi zaƙin dabinon da ke zo masa daga Azbin, can arewacin Nijar, ya roƙi wani siririn fili a gefen ƙaramin masallacin da ke bakin hanyar Kaita, bayan an fita Ƙofar Sauri, ya binne su a jere. Ruwa a jarka yake kawowa bisa keke. Rumfar da ke maƙwabtaka da filin ta Ishaya kafinta ce, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a Katsina har Hausarsa ta koma ta Katsinawa. Shi ya ga awaki na neman gamawa da tsiron, ya tattara guntayen katako ya kewaye kowane ɗaya, bai jira an roƙe shi ba. Daga nan suka ƙulla, kullum suna tsokanar juna.

"Lado, wanga abu naka ai sai jikokinmu," in ji Ishaya.

"To su ci mana. Kai dai riƙe mani awakin."

Dabino ba ya sauri. Sai da gemun Lado ya fara fari sannan itatuwan suka yi kai, suka soma huda a ƙarshen sanyi. Nan abin ya rabu biyu. Wasu suka fito da huda mai kauri, fara, mai zubar da gari, ta yi ƙamshi ta bushe, ba ɗa ba jika. Sauran suka fito da 'yan ƙananan 'ya'ya, har 'yan kaɗan suka nuna, tsuntsaye suka riga kowa. Shekara ta juyo, haka aka sake yi. Sai masu shawara suka taso, ka san ba a rasa su a ƙofar masallaci. Wannan ya ce masu farar hudar nan juyoyi ne, wancan ya ce shanye wa masu haihuwar ruwa suke yi. Lado kuwa ɗan kasuwa ne, a teburinsa dabinon da ya lalace tsince shi ake yi a zubar, kada ya ɓata sauran. Ya ari gatari ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kwantar, yana yi yana jin ya yi dabara. Ishaya ma ya taya shi jan gungumen.

Tun daga wannan shekarar ko tsuntsu bai ƙara samun komai ba. 'Ya'yan su fito sirara, a matsa a ji ba ƙwallo a ciki, su yi yaushi su zube, awaki su bi su tsince. Ya zuba taki, ya ƙara ruwa, ya sa aka yi addu'a. Shiru kake ji.

Ana nan sai Alhaji Nu'uman, shugaban kwamitin masallacin, ya tare shi bayan la'asar. Mutum ne mai kunya, sai da ya gama gaisuwa kaf, ya tambayi iyali, ya tambayi yara, ya tambayi kasuwa, sannan ya zo kan magana. Unguwa ta cika, sahu yana fitowa har waje, mutane a rana suke salla, ana so a ja rumfa ta gefen da dabinon suke.

"Malam Lado, ba raina aikinka muka yi ba. Amma kai ma kana gani, ƙaya kawai muke samu. Jiya ma ta yage wa liman riga."

Maganar ta soki Lado har cikin rai, ga shi kuma gaskiya aka faɗa. Sai ya roƙi alfarma.

"Alhaji, ku ba ni hudar bana. In bazara ta yi ba su riƙe ɗa ba, ni da kaina zan kawo gatarin."

"Mun ba ka. Allah ya sa a dace."

A gida ya tasa tuwo gaba bai ci ba. Tun yana saurayi yake sayar da dabino, ido rufe yana bambance na Azbin da na Makka, amma sai yau ya tuna bai taɓa ganin inda ake noma shi ba. Shi da ya je ganin ganyen shayin da ba ruwansa da shi!

"Baraka, Azbin za ni, in tambayi masu abin."

"Azbin? Da wanga sanyi? Malam, gwiwar taka fa?"

"Gwiwa ta ji da kanta. Ba ni iya zama ina kallo a sare su."

Ta dube shi, ta ga ba wasa a fuskarsa. Ita ta yi jinyar Inna, ta san abin da ke ransa. Washegari ta ɗauki mayafi ta shiga maƙwabta. Wannan karon rigunan sanyi ta nema, har Hannatu matar Ishaya ta kawo waɗanda ta saƙa da hannunta, da 'yan hulunan jarirai.

Ya bi ta Jibiya ya faɗa Maraɗi, daga can ya karkata Damagaram. Nan ya samu babbar mota mai ɗauke da gero za ta arewa, ya hau can ƙololuwar buhuna tare da wasu Buzaye da akuya guda. Itatuwa suka riƙa gajarta, suka koma ƙaya, ƙayar ma ta gaji ta bar su da fili. Lado bai taɓa sanin sama na da faɗi haka ba. Motar ta kafe a yashi, kowa ya sauko, aka yi ta tono da hannu ana cusa farantan ƙarfe a ƙarƙashin taya, a tura, ta ɗan matsa, ta sake nutsewa. Ya koyi naɗa rawani ya rufe hanci, ya koyi shan ruwan salka mai warin akuya ba tare da ya yamutsa fuska ba. Ya kuma gane in Buzu ya ce maka an kusa, to gyara zama.

A wata rijiya suka tarar da matan makiyaya da yara suna rawar ɗari, sai ya kwance jaka. Wata uwa ta sa wa jaririnta hular Hannatu, ja jawur, ta riƙa juya shi tana nuna wa sauran, suna ta ƙyalƙyala dariya. Ba sa jin Hausa sosai, shi kuma ba ya jin nasu, amma sai da suka cika masa ƙwarya da madarar raƙumi. Ya shanye tas don kada ya ba su kunya. Cikinsa kuwa bai yafe masa ba har suka shiga Agadas.

A Agadas ya nemi dillalan da ke aiko masa da kaya, suka yi mamakin ganinsa, suka ce in dai masu dabino yake nema sai ya shiga cikin duwatsu. Suka haɗa shi da motar albasa da za ta koma fanko. Inda motar ta tsaya, hanya ta ƙare, sauran tafiyar a ƙafa ce, bayan wani mai jaki, ta cikin busasshiyar ƙorama. Duwatsu baƙaƙe ƙirin hagu da dama, ba tsuntsu ba ciyawa. Gwiwar da ya ce ta ji da kanta ta tashi haiƙan. Ya zauna bisa wani dutse yana haki, tsoro ya kama shi sosai, ya ce a ransa, Lado, in ka mutu a nan wa zai kai wa Baraka labari? Mai jakin ya sauke kaya ya ɗora shi. Suna karya wata kwana sai ga kore shar a gabansu, dabino kan dabino, ga lemo, ga rumman, ga ƙarar ruwa na gudu. Lado ya yi ta salati bai san yana yi ba.

A gidan wani dattijo mai garka, wato lambu, aka sauke shi, Agali, dogo siriri, mai Hausar kasuwa. Ba a tambaye shi abin da ya kawo shi ba sai da ya sha shayi ya huta. Ya miƙa daddawa da kuka aka shiga da su cikin gida, ya ji mata sun ɗau guɗa, don rabonsu da miyar kuka an daɗe. Sauran rigunan ya ba Agali ya raba wa waɗanda ya san sun fi bukata.

Da safe suka shiga garka. Raƙumi na jan guga daga rijiya, ruwa na bin 'yan hanyoyi zuwa fangali. Agali ya ɗaure rigarsa a ƙugu, ya haye wani dabino kamar ba tsoho ba, ya sauko da huda mai kauri, fara, tana zubar da gari. Lado ya gane ta nan take.

"A'a! Ashe ku ma kuna da irin wannan juyar. Mi ya hana ku sare ta?"

Agali ya tsaya ya dube shi. "A sare wa? Wannan ai shi ne namijin. Shi kaɗai ya ishi rabin garkar nan."

Bai jira amsa ba, ya tsinki 'yan silla daga hudar, ya nufi wata itaciyar da kuben hudarta ya tsage, ya hau. Ya kaɗa garin a kan hudar macen, ya cusa sillan a tsakiyarta kai ƙasa, ya yago ganye ɗaya ya ɗaure sako-sako. Daga can sama ya ce, "Aure ke nan. Iska na yi, amma ba ta da alƙawari, shi ya sa muke yi da hannu. In ba a yi ba ɗan ba ya ƙwallo, zubewa yake."

Lado ya zauna a bakin hanyar ruwa. Da Agali ya sauko ya kwashe labari duka ya gaya masa, tun daga randar Inna har zuwa rumfar da za a ja.

"To mazan naka fa, nawa suka rage?"

"Na sare su."

"Duka?"

"Duka. Da hannuna. Har gatari na ara."

Agali ya yi ƙoƙari, wallahi ya yi ƙoƙari, amma dariyar ta fi ƙarfinsa, har rawaninsa ya zame daga baki. Kunya ta rufe Lado, baƙin ciki ya biyo baya, ya tuna shekarun da ya jawo wa Inna asara da hannunsa. Abin da ya fi ba shi haushi, ya taɓa jin zancen nan. A wurin karatu a masallacin Gobarau malam ya taɓa faɗar yadda mutanen zamanin da suke haɗa dabino namiji da mace, ya gyaɗa kai tare da kowa, ya bar maganar a kan tabarma. Ko sau ɗaya bai kawo ta shafi itatuwansa na bakin hanyar Kaita ba. Can dai shi ma dariyar ta kama shi, yana yi yana share ido.

"Ba komai," in ji Agali. "Matan na nan da rai, ko? To miji ba ya wuya."

Lado ya zauna koyo. Ya koyi fara cire ƙaya kafin ya kai hannu, bayan ƙayar ta koya masa nata karatun a yatsu. Ya koyi gane kuben da ya kusa tsagewa, ya kuma ji cewa in ya tsage macen ba ta jira, 'yan kwanaki ne ta wuce. Ya koyi shanya hudar namiji a inuwa, a naɗe ta a ƙyalle, a tsare ta daga laima. Shi kuma yana taya su kora raƙumi, in an zauna shayi ya ba su labarin kogin Yawuri, suna girgiza kai, wani tsoho ya ce ruwa mai yawa haka ai ɓarna ce. Daɗin wurin ya ratsa Lado har ya fara mantuwa, sai da Agali ya tashe shi.

"Ƙasarku ta fi tamu zafi, naku sun riga namu huda. Tashi ka tafi, shayi ba ya ƙarewa."

Ya naɗe masa huda mai yawa a tsohon rawani, ya kuma ɓanɓaro ɗan namiji daga gindin uban, ya ɗaure saiwar a jiƙaƙƙen buhu. Ya ce abin da yake so kawai a sa shi cikin ladan.

Komowar ta fi zuwan wuya. Motar albasar ta karye a hanya, aka yi zaman jiran ƙarfen gyara daga Agadas, Lado na rungume da ƙullinsa, ruwan shansa rabi na buhun ɗan dabino ne. Da ya iso Katsina ko gida bai biya ba, ya zarce masallaci. Ya bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Duk sun yi huda, duk sun wuce. Ya tsaya da ƙulli a hannu.

Ishaya ya fito daga rumfa da fensir a kunne. "Maraba da Buzu! Kai, ka ga yadda ka koma? Zo nan, bar waɗannan. Zo ka ga 'yar autarka."

Can ƙarshen layi, jikin rumfar kafinta, akwai wata ƙyamusasshiya da inuwar kwano ta hana girma, kullum ita ce ta baya a komai. Kubenta biyu, ɗaya ya tsage, ɗaya na shiri. Lado ya ce, "Alhamdu lillahi." Ko tsani ba ta bukata, benci Ishaya ya jawo masa. Aka sallame azahar mutane suka fito suka tarar da shi a kan benci yana kaɗa gari yana ɗauri, ya yi musu bayani, wuri ya kaure.

"Lado, ɗaurin aure ba goro?"

"Wane ne waliyyin amarya?"

"Ga shi nan," in ji Lado, ya nuna Ishaya. "Shi ya rene ta."

Masu shawarar da suka ce a sare, su ne yanzu a gaba wajen cewa ai dama sun san dabino na da namiji. Wani direba ma ya ce, "Haba Malam Lado, a kan wannan ka je Azbin? Ai ko a Dutse ana yi, ka tafi yau ka dawo gobe."

"Da ka faɗa tun bara, da ka kyauta," in ji Lado. "Amma ni ban yi asara ba. A Dutsen akwai mai ba ka madarar raƙumi?"

Ya dasa ɗan namijin a tsakiyar layi, Ishaya ya yi masa kewaye. Ragowar hudar kuwa, Baraka ta adana ta a cikin kwalla, inda ko jikoki ba sa taɓawa.

Bazara ta shigo. Manyan suka zubar da 'ya'yansu kamar kullum, 'yar auta ta riƙe nata, suna ta kumbura. Ranar da Alhaji Nu'uman ya zo da magini da igiyar awo, Lado ya tsinko ɗaya ɗanye ya miƙa masa. Alhaji ya gatsa, ya yamutsa fuska don bauri, ya tofo abu a tafin hannu. Ƙwallo ne.

"Malam Lado, ɗaya ce fa cikin duka."

"Alhaji, ɗaya ce na tarar. Baɗi in Allah ya kai mu ina nan tun kuben farko."

Alhaji ya juya ƙwallon a hannu, ya ja magini gefe suka yi ta nune-nune. Aka tsaya a kan za a ja rumfar ta ɗaya gefen, ko da ta fi ƙunci, amma biyun da ke jikin bango dole su tafi. Lado ya ji zafin biyun nan, ba ƙarya, ranar da aka sare su ma bai zo ba. Sauran kuwa sun tsira, har barci ya dawo masa.

'Ya'yan suka yi rawaya, suka fara ja. Ya rufe nonnan dabinon da tsohon zanen Baraka saboda tsuntsaye. Ya kuma shirya abinsa tsaf: ranar Juma'a bayan an sauko za a shimfiɗa tabarma, liman ya zo, Alhaji Nu'uman ya zo, a yanko na farko a faranti, a yi wa Inna addu'a. Baraka har ta jiƙa shinkafar waina.

Ranar Alhamis da hantsi, rana ta fara cizo, ya iso da jarkokinsa. Rumfar Ishaya a rufe, ya tafi kai wa wani ƙofa. Tun daga nesa Lado ya hango an ɗage zanen. Wata tsohuwa ce zaune a 'yar inuwar, ta jingina da katakon kewaye, damin tsintsiya a gefenta, ƙafafunta sun yi futu-futu. Gefe guda na nonon ya koma tsinke, ga ƙwallaye a cinyarta.

Ransa ya ɓaci, ba a ɓoye ba. Duk wahalar nan, ga liman an gaya masa! Ya jingine keken da ƙarfi har jarka ta faɗi. Tsohuwar ta firgita, ta fara kakkaɓe zane tana neman tashi, ƙafar ta ƙi.

"Ɗan nan, yi haƙuri don Allah. Tun asuba na taso daga ƙauyenmu, ban sa komai a cikina ba, jiri ya ɗebe ni a nan. Na ɗaga ido na gan su a bakin hanya. Ban san da mai su kusa ba, da na roƙa. Naka ne?"

Lado ya buɗe baki, faɗan da ya ɗauko ya rasa inda ya shiga. Ya dubi ƙafafunta, ya dubi ƙwallayen.

"Ba nawa ba ne, Iya. Na mahaifiyata ne. Ta rasu."

"Ayya. Mi sunanta?"

Tunda aka haife shi bai taɓa kiran sunan nan da bakinsa ba, wane ɗa ne zai yi? Ko a wurin malamai sai dai ya ce Inna. Amma yau ya faɗa.

"Ramlatu."

Tsohuwar ta goge hannu a zane, ta ɗaga su sama. "Allah ka jiƙan Ramlatu. Ta ciyar da ni ban san ta ba, Allah ka ciyar da ita. Ka sanyaya makwancinta yadda na samu sanyi a nan. Allah ka sa ta huta."

"Amin," in ji Lado. "Amin." Hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Daɗi ne ya cika shi, irin wanda bai taɓa ji ba duk yawonsa.

Tsohuwar ta ga yana kuka, ta ɗauka ɓarnar da ta yi ce, ta jawo tsintsiya biyu daga damin tana miƙa masa. Ya mayar mata da hannunta a hankali. Ya zagaya bayan itaciyar, ya kwance zanen gaba ɗaya, ya janyo ɗaya nonon ƙasa inda hannunta zai kai.

"Zauna, Iya, ba inda za ki cikin ranar nan. Ci na wannan gefen, sun fi nuna. Bari in kawo maki ruwa."